Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Sarakunan Hausawa, Limamai da Shugabannin Kasuwanni na Legas Kan Matanmu Masu Juna Biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, iyayenmu Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12 da Alaba Rago da sauran zangunanmu. Allah ya gafarta malamai, limaman masallatanmu na Juma'a da na unguwa. Gaisuwa kuma ga shugabannin 'yan gwari da mahauta da fataken shanu da direbobi da 'yan canji, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Na zaɓi in rubuto muku a fili, inda kowa zai gani, saboda maganar ta shafi kowane gidan Bahaushe a wannan jiha, kuma ta fi ƙarfin a ci gaba da yin ta a raɗa tsakanin mata a gidan suna. Maganar ita ce halin da matanmu masu juna biyu ke ciki a Legas, da gatan da suka baro a gida ba su tarar da madadinsa a nan ba. Ni malamar Islamiyyar matan aure ce a Agege, kuma da yake ina jin Yarabanci da Turanci, akan neme ni in raka mace awo in yi mata tafinta. Abin da idona ya gani a wannan rakiya shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kun fi ni sanin yadda abin yake a gida. Idan yarinya ta samu cikin fari, da ya kai wajen wata bakwai sai a zo a ɗauke ta goyon ciki, ta koma gaban mahaifiyarta har ta haihu ta yi arba'in. Ko ba cikin fari ba ne, a gidan da take aure akwai uwar miji, akwai faccaloli, ga goggo ko inna da za ta leƙo ba sai an aika mata ba. Su ke lura da cewa fuskarta ta kumbura, ko tafin hannunta ya yi fari fat, ko ta kwana biyu tuwo ba ya zama a cikinta. Su ke karɓe mata daka da ɗiban ruwa, su goye mata yaron da ta yaye, kuma idan naƙuda ta taso da tsakar dare akwai wanda zai buga ƙofar maƙwabci. Ban ce duk abin da tsofaffinmu ke yi daidai ne ba, domin jiƙe-jiƙe da yankan gishiri da barin mace ta kwana a kan gwiwa sun kai mata da yawa kushewa, wasu kuma sun bar su da yoyon fitsari. Amma dai akwai ido a kanta dare da rana, kuma wannan idon shi ne mafi girman abin da al'adarmu ta tanadar wa mai ciki.

Waɗanda aka haifa a Agege ko Idi-Araba, kakanninsu suka kafa zango, su da sauƙi, tun da danginsu na kusa. Wadda nake kuka dominta ita ce amaryar da aka ɗauko daga Kano ko Sakkwato ko Katsina aka sauke ta a ɗaki ɗaya cikin gidan haya, banɗaki na haɗaka, maƙwabta kuma ba ta jin harshensu. Maigida yakan fita tun asuba don ya riga cunkoson motoci, ba ya dawowa sai bayan isha'i, wani ma direba ne ko mai rakiyar kaya, sai ya yi mako a hanya. Mahaifiyarta tana can nesa da kusan kilomita 1,000, abin da take iyawa bai wuce kiran waya da addu'a ba. Irin wannan yarinya ita ke laulayi ita kaɗai, ita ke girki da wanki, kuma idan ta ga wani abu a jikinta da ba ta gane ba, kunya ba ta barinta ta faɗa wa miji, babu kuma babbar mace kusa da za ta tambaya.

Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa a shekarar 2023 kaɗai mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan rashi a duk duniya. Abubuwan da ke kashe su sanannu ne: zubar jini, hawan jini da jijjiga, doguwar naƙuda, da ƙwayoyin cuta bayan haihuwa ko ɓari, kuma mafi yawansu ana iya tare su idan an isa asibiti da wuri. Masana sukan ce jinkiri uku ke cin ran mai ciki, wato jinkirin yanke shawarar a tafi, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. A ƙauye ana iya kafa hujja da nisan asibiti, amma mu a nan wace hujja gare mu? Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a cikin Idi-Araba yake, ƙofa da ƙofa da mutanenmu. Ga na Jami'ar Jihar Legas a Ikeja da sashensa na haihuwa, Ayinke House, ga asibitin haihuwa na Island Maternity, ga Babban Asibitin Orile Agege, ga cibiyoyin mata da yara a Ifako-Ijaiye da Isolo da Ikorodu da Amuwo-Odofin, ban da ƙananan asibitocin unguwa. Jinkirin farko, wanda ake yi a cikin ɗaki, shi ne namu, kuma maganinsa a hannunku yake.

Ranku ya daɗe, akwai abin da al'ummarmu ta ƙware a kansa a wannan gari. Idan Bahaushe ya rasu a Legas, ko jiya ya sauka daga tirela ba a san sunan garinsu ba, kafin a ce kwabo an samu likkafani da masu wanka da mota, an yi masa salla an kai shi makwancinsa. Haka idan rigima ta tashi a kasuwa, ko aka kama ɗanmu, akwai wanda ya san lambar da zai kira da ƙofar da zai buga. Ku kuka gina wannan tsari, Allah ya saka muku. Roƙona shi ne a shimfiɗa irinsa ga mace mai ciki tun tana da rai da lafiya, ta yadda kowane zango zai san masu cikin da ke cikinsa, musamman baƙi da masu cikin fari, a haɗa kowace da dattijuwa mai hankali da za ta zame mata uwa har ta yi arba'in. Dattawan matan muna da su a Islamiyyu da ƙungiyoyi, abin da suka rasa shi ne umarni daga sama da zai sa maigida ya buɗe musu ƙofa ba tare da ya ɗauke su 'yan sa ido ba.

Zan fara da izini, domin a nan ne na fi ganin ana asarar lokaci. Mace ta ga jini da hantsi, ta kira wayar miji ba ta shiga, ko yana tsakiyar ciniki bai ji ba, sai ta zauna jiransa har magariba saboda ya taɓa ce mata kada ta fita sai da saninsa. Ita a ganinta biyayya take yi, kuma niyyarta mai kyau ce. Allah ya gafarta malamai, ku kaɗai za ku iya warware wannan ƙulli. Ku hau mumbari ku gaya wa maza cewa kowane magidanci ya ba matarsa izini tun ranar da aka san tana da ciki, izinin da ba ya buƙatar sabuntawa, cewa ranar awo ta tafi, kuma duk sa'ar da ta ga alamar hatsari ta fita da wanda ya samu ba sai ta jira shi ba. Kun fi kowa sanin matsayin tsare rai a shari'a. Alƙur'ani a Suratu Luƙman ya siffanta ɗaukar ciki da rauni a kan rauni, kuma a Suratuɗ Ɗalaƙ an umarci miji da ya ciyar da matar da ya saka tana da ciki har ta haihu. Idan wadda aka rabu da ita ke nan, ina ga wadda ke ɗakinsa?

Sai awo kansa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. Mu kuwa al'adarmu ita ce a ɓoye ciki har sai ya ɓoyu ya gaji, sannan a je a yanki kati a wata na bakwai don kawai kada a kore mu ranar haihuwa. Amsar da na fi ji ita ce lafiyata ƙalau, me zan je yi? To hawan jinin masu ciki sau da yawa ba ya sallama, mace tana harkokinta awon jininta ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, ba za ta sani ba sai an ɗaura mata abin awo, kuma ƙarshensa idan an bar shi ita ce jijjigar da mutanenmu ke cewa iska ce a tsaya ana hayaƙi. A wurin awo ne ake gane ƙarancin jini da ciwon suga, a gwada cutar ƙanjamau da ciwon hanta don a kare jaririn, a duba kwanciyar ɗa da inda mabiyiya ta zauna ta hanyar hoto, wanda ake so a yi kafin mako 24. A nan ne kuma ake gano macen da rukunin jininta nagetif ne, wadda kan buƙaci wata allura ta musamman don kada cikin da zai biyo baya ya samu matsala. Waɗannan duka ba abubuwa ne da dattijuwa za ta gane da ido ba, komai gogewarta.

Ba zan ɓoye muku ba, matanmu suna da nasu uzurin. Layin awo yana da tsawo, bayanin da ake yi wa masu ciki da safe da Yarabanci ko Turanci ake yin sa, kuma akan samu ma'aikaciyar da za ta daka wa mace tsawa don ba ta gane tambaya ba, daga ranar kuwa ba za ta sake komawa ba. Wasu mazan kuma ba sa son namiji ya duba iyalinsu, ko da yake a ƙananan asibitocin unguwa yawancin masu awo da karɓar haihuwa mata ne. Ranku ya daɗe, kuna da bakin magana da shugabannin ƙananan hukumomi da na asibitoci. Ku nemi a amince da 'yan matanmu da suka gama sakandare, masu jin harsunan nan, su riƙa zama a wurin awo a ranakun da aka tsayar suna tafinta, al'umma ta ɗauki nauyin kuɗin motarsu. Ku kuma ƙarfafa wa iyaye su bar 'ya'yansu mata su karanci jinya da unguwarzoma a nan Legas, domin ranar da mace ta shiga ɗakin haihuwa aka ce mata sannu da harshenta, rabin tsoronta ya tafi.

Ga shugabannin kasuwa ina da magana ta daban, kuma ina yin ta da girmamawa. Tumatir da albasa da wake da ake ci a Legas ta hannunku suke bi a Mile 12, naman da ake ci kuma ta hannunku yake bi a mayankar Oko-Oba. Bai kamata a ce matar mai wannan sana'a ce ake gaya wa a asibiti cewa jininta ya yi ƙasa ba. Abin da ke faruwa shi ne namiji yana karyawa da shayi da ƙwai a teburin mai shayi, da dare ya tsaya wurin mai tsire, ita kuwa an bar mata kuɗin cefanen da ba ya wuce taliya da manja. Mai ciki tana buƙatar wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da nama gwargwadon hali, da ganye irin su zogale da alayyafo da lalo, wanda Yarabawa ke miyar ewedu da shi kuma yana ko'ina a kasuwa, da lemo ko gwaiba da ke taimakon jiki ya amfana da abin da aka ci. Camfin da ke hana mai ciki ƙwai ba shi da tushe. Haka zancen cewa maganin ƙarin jini yana sa ɗa ya yi ƙato har haihuwa ta gagara, wanda ya sa mata da dama ke karɓo shi su jefa ƙarƙashin katifa. Ƙarancin jini ne ke sa mace ta kasa jure zubar jinin da wata za ta jure ranar haihuwa. A sha ƙwayar ƙarin jini da ta folik asid kullum, kuma kada a kora su da shayi, domin shayi yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfen da ke ciki.

Legas gari ne na ruwa da kwatami, sauro ba ya hutu rani da damina, kuma zazzaɓin cizon sauro a jikin mai ciki yana jawo ɓari da bakwaini da ƙarancin jini. Shi ya sa daga wata na huɗu ake ba ta maganin rigakafinsa a wurin awo, aƙalla sau uku da tazarar wata guda, tare da allurar tetanus, kuma ake so ta kwana cikin gidan sauro mai magani ko da ana zafi. Aikin miji ne ya ɗaura shi, kamar yadda aikinsa ne ya fitar da janareta nesa da taga ya kuma hana hura gawayi a rufaffen ɗaki, ya daina busa sigari ko shisha a inda take. Jarkar ruwa mai lita 25 ba kayan mai ciki ba ce, balle a hau bene da ita. Sai kuma babbar matsala, wato kemis da masu tallar magani a bokiti da masu agbo, wato jiƙon Yarabawa, a tasha. Wasu magungunan ciwon jiki da muke sha kamar gyaɗa suna cutar da ɗan da ke ciki, musamman a watannin ƙarshe, jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba kuwa, ko na nan ne ko wanda aka aiko daga gida don sauƙin naƙuda, babu mai iya auna ƙarfinsa.

Akwai alamomin da nake roƙon a karanta su a masallaci har maza su haddace. Zubar jini komai ƙanƙantarsa, ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, ciwon ciki mai tsanani, numfashi sama-sama, fashewar faya alhali naƙuda ba ta zo ba, da raguwar motsin ɗa ko tsayawarsa: kowace ɗaya daga cikinsu asibiti take nufi a wannan sa'a, ba gobe da safe ba. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace mai lafiya cikin sa'o'i biyu. To a garin da tafiyar minti 20 kan koma ta sa'a biyu, inda ake kulle ƙofofin layuka da dare, kuma tun 1 ga Yuni 2022 aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, daga baya aka ƙara huɗu har da Mushin inda Idi-Araba take, wanda bai shirya mota tun da wuri ba, to ya makara. Akwai lambobin gaggawa na jiha, 112 da 767, kuma ya kamata kowace mace ta san su. Amma mu masu direbobi da masu keke a kowane layi, me zai hana shugabanninsu su tsara wanda ke kan aiki kowane dare, a liƙa lambarsa a ƙofar masallaci, a sanar da masu gadin layi, waɗanda da yawansu ma 'yan'uwanmu ne?

Jini da kuɗi su ne ke tsayar da aiki bayan an isa. A 2020 babbar kotun jihar Legas ta yanke hukuncin cewa bai halatta asibitocin gwamnati su gindaya wa miji sharaɗin ba da jini kafin a duba matarsa ba. Hukuncin ya cire tilas, amma bai cire buƙata ba, domin jinin da za a ƙara wa mace dole daga jikin wani ya fito. Namiji mai lafiya da ya kai shekara 18 kuma nauyinsa ya kai kilo 50 yana iya bayarwa duk bayan wata uku ba tare da ya ragu da komai ba. Da kowane masallacin Juma'a zai rubuta matasan da suka yarda da rukunin jininsu, da an daina yawon neman jini da tsakar dare. Ta fuskar kuɗi kuwa, mun iya adashe don biki da suna, ragon suna ma tun ciki na wata biyar ake tanadinsa, to a fara ware na haihuwa kafin na rago. Jihar tana da inshorar lafiya ta Ilera Eko da ta haɗa da awo da haihuwa. A 2023 gwamnatin jihar ta sanar da awo da haihuwa kyauta a asibitocinta, a Nuwamban 2024 kuma Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Ku tura wakilai su samo bayanin asibitocin da ake samun waɗannan da sharuɗɗansu, a fassara da Hausa a raba, kuma a buɗe asusu a kowane zango don wanda abin ya rutsa da shi ba shiri.

Game da tiyata, ina roƙon malamai su yi magana a fili. Na ga inda likita ya ce sai an yi aiki, miji ya ƙi sa hannu sai ya kira gida, gida suka ce a danginsu ba a taɓa yi ba, ana wannan ja-in-ja ɗan ya mutu a ciki. Matar da aka yi wa aiki ba raguwa ba ce, kuma ba gazawar imani ba ne a ciro ɗan da ya kwanta a gicciye ko ya fi ƙarfin ƙugun uwarsa.

Na san da yawa za su ce ai mafita ita ce a mayar da ita gida ta haihu. Wani lokacin hakan ne ya fi, amma a yi shi da lissafi. Ɗora mace mai cikin wata tara a motar dare ta kwana ta wuni a zaune a kan hanyar Arewa, wani lokacin ma a saman kaya, kasada ce da rayuka biyu. Idan za ta tafi, ta tafi da wuri bayan an shawarci masu awo, ta riƙe katinta da sakamakon gwaje-gwajenta, kuma da ta isa ta yanki kati a asibitin can. Idan kuwa garinsu ba shi da asibitin da ke tiyata da ƙarin jini, ni a ganina kuɗin motar nan gara a aika wa mahaifiyarta ko goggonta ta zo Legas ta zauna da ita. Ɗaki ya yi kaɗan, na sani, amma maigida yana iya komawa shago ko wurin abokai na ɗan lokaci, kamar yadda ya yi kafin ya yi aure.

Da izininku zan juya ga 'yan'uwana mata a taƙaice. Yaya, ƙanwata, jikinki amana ne a hannunki, kuma faɗin abin da ke damunki ba rashin kunya ba ne. Ki sha ruwa sosai, ki ci kaɗan-kaɗan sau da yawa idan laulayi ya matsa, ki taka ƙafa kullum ko a tsakar gida ne, ki kwanta a gefe idan ciki ya tsufa, ki kuma san yadda ɗanki ya saba motsi don ki gane ranar da ya canza. Idan azumi ya zo kika ji tsoro wa kanki ko abin da ke cikinki, an yi miki rangwame ki sha ki rama, ki tambayi malamai da masu awo, kada ki yi gasa da kowa. Idan kuma kika ga baƙin ciki ya zauna miki, kuka ba dalili, barci ya ƙaurace, ki gaya wa wadda kika yarda da ita da kuma ma'aikaciyar awo, domin wannan ma ciwo ne da ake magani. Kaɗaicin ɗaki ɗaya a garin da ba naki ba yana da nauyi, kuma duk namijin da ya ƙara miki da zagi ko duka a wannan hali, ya kamata fadar Sarki ta kira shi tun kafin hukuma ta kira shi.

Kulawar ba ta ƙarewa da kukan jariri. Ana so mace ta yi aƙalla sa'o'i 24 a asibiti bayan haihuwa, domin a wannan tsakani ne jini ya fi ɓallewa, sannan a sake duba ta a kwana na uku, da cikin mako na biyu, da bayan mako shida, wanda ya zo daidai da arba'in ɗinmu. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka kuma zargi yawan kunun kanwa da gasa jiki da zafi. Kanwa dangin gishiri ce, mai hawan jini kuwa gishiri ba abokinta ba ne. Dattijuwar da za a haɗa da mai jego ya kamata ta san wannan, ta yi mata wanka da ruwa mai ɗumi da ba ya ƙuna, kuma idan ta ga ƙafa ta kumbura ko numfashi na yi mata wuya in ta kwanta, ta kai ta asibiti ba tare da jiran kowa ba.

Ranku ya daɗe, abin da nake nema ku fara da shi bai fi ƙarfinku ba. Kowane Sarki ya kira zama ɗaya a fadarsa da limamai da shugabannin kasuwa da na direbobi, a gayyato malaman Islamiyyun mata da shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin unguwa, a fito da sunayen dattawan matan da za su riƙa zagayawa, da direbobin dare, da masu ba da jini, da wanda zai riƙe asusu. Limamai kuma su ware huɗuba guda kafin wannan zama don maza su zo da shirinsu. Mu malaman mata a shirye muke mu kawo sunayen masu cikin da ke ajujuwanmu da yardarsu, mu kuma ci gaba da rakiya da tafinta har a samu waɗanda za su karɓe mu.

Allah ya ƙara wa Sarakuna lafiya da nisan kwana, ya saka wa malamai da alheri, ya sauki masu ciki lafiya.

Wassalam.

'Yarku,
Malamar Islamiyyar matan aure,
Agege, Legas.